Abin da Dogo Ya Rufe da Farin Fenti

Dogo bai taɓa mallakar tsani ba, kuma da wannan yake yi wa sauran masu fenti gori. Inda wani zai jingina tsani ya hau yana salati, shi hannu kawai yake miƙawa buroshi ya taɓo silin. Ranar da aka kai shi koyon aiki, yana ɗan shekara goma sha bakwai, ubangidansa ya dube shi daga ƙasa har sama, abin da ya ɗauke shi ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, kai ai da kayan aikinka ka zo a jiki." Tun daga ranar sunansa na gaskiya ya ɓace. Ko matarsa, idan aka tambaye ta a asibiti, sai ta ɗan yi lalube kafin ta tuno shi.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan sana'a. Faratansa ba su taɓa zama kala ɗaya ba, kuma duk wankan da zai yi, warin kananzir ɗin da yake wanke hannu da shi yana riga shi shiga ɗaki. Ba mai yawan magana ba ne, amma a kan aiki yana da baki. Ya tsani masu tsuga wa fenti ruwa, su shafa sau ɗaya su gudu, bayan wata biyu tsohon datti ya leƙo yana gaida mutane. Shi sai ya kankare, ya cike tsaga, ya jira bango ya bushe, ya yi shafin farko, ya tafi gida ya dawo washegari. Kirarin da yake yi wa kansa ɗaya ne: "Abin da na rufe ya rufu." Kuma ba cika baki yake yi ba.

Yawancin aikinsa a gangare yake, can ƙasan gari, inda kwatocin unguwannin tudu suke haɗuwa kafin su shige ƙarƙashin titi ta kwalbati guda ɗaya. Gidajen haya ne dogaye, ƙofa goma, ƙofa sha biyu, kowace da labulenta da murhu a gefe. Masu guga, direbobi, masu gadi, duk wanda aljihunsa bai kai shi tudu ba, nan yake sauka. Da rani wuri ne mai daɗin zama. Da damina kuwa ruwa yakan shigo tsakar gida, ya leƙa ɗakuna, ya yi awa biyu ko uku ya janye, ya bar wani layi mai ruwan ƙasa a jikin bango, miƙe kamar da igiya aka ja shi.

Wannan layin shi ne abincin Dogo. Mai gida ba ya so sabon ɗan haya ya gan shi, farin fenti kuma ba ya ɓoye shi da sauƙi. Sai masu fentin gangare suka samo dabara: a bar saman bango fari, a shafa wa ƙasansa fenti mai duhu, kore ko shuɗi ko ja, duk wanda mai gida ya samo. A bakinsu wannan shi ne sa wa ɗaki wando. Ƙa'idar Dogo ita ce ya nemo inda ruwa ya tsaya, ya ɗora yatsu huɗu a samansa, nan ne bakin wando.

Lokacin da ya fara aiki, wando a idon sawunsa yake tsayawa, a durƙushe yake shafa shi. Shekarar da ya yi aure ya kai ƙwaurinsa. Da aka haifi 'yarsu ta fari yana gwiwa. Ba kowace damina ba ce, wani lokaci a yi shekara uku ruwa bai taka ƙofar kowa ba, har a manta da shi. Amma duk ran da ya dawo da ƙarfinsa sai ya wuce inda aka san shi, Dogo kuma ya ƙara yatsu huɗu. Bai taɓa zama ya yi wa abin tunani ba. Abin da ya lura da shi kawai, bayansa ya daina ciwo, don yanzu a tsaye yake jan bakin wando, har ya taɓa gode wa Allah a kan haka.

Abin dariyar shi ne mutanen tudu, waɗanda ruwa bai taɓa jiƙa musu ko takalmi a bakin ƙofa ba, sun ɗauka yayi ne. Wata matar ma'aikacin banki ta kira shi ta ce irin na gangare take so a falonta, mai tsayin nan har ƙugu, wai ya fi tsari. Ya yi mata, ta yaba, ya karɓi kuɗinsa.

Wanda ya fi ba shi aiki shi ne mutumin da kowa ke kira Mai Gidaje, don yana da su har shida a gangare, shi kuwa a tudu yake kwana. Mutum ne mai fara'a, mai tambayar lafiyar iyali, wanda bai taɓa yi wa ɗan haya ƙarya da bakinsa ba. Ba ya buƙata, yana da mai fenti.

Bara ruwa ya sauko da la'asar, babu iska, babu sallama, kamar da bakin ƙwarya. Kafin mata su gama kwashe shanya, kwalbatin ya cika ya fara amayo da ruwa baya. Gidan Mai Gidaje na ƙarshe yana jingine da bakin kwalbatin, ɗakin ƙuryarsa kuma ya fi kowane ɗaki zurfi, sai an sauka matakala biyu ake shigarsa, ƙofarsa ta waje take buɗewa. Ruwa ya danne ƙofar ta ƙi motsi. Matar da ke ciki, wata mai wankau, ta taga aka zaro ta da 'ya'yanta biyu, bayan an karya ƙarafan tagar da guduma. Ƙaramin ya sha ruwa, ya yi sati biyu a asibiti, ya fito ba ya magana kamar da. Suka tattara abin da ya rage musu suka bar garin.

Da rani ya yi, Dogo ya je duba ɗakin tare da Mai Gidaje. Ya tsaya a gaban bango, sai ga layin daidai ƙirjinsa. Ƙirjin Dogo kuwa haɓar wani ne.

"Wannan wando ai ya zama riga," in ji Mai Gidaje yana dariya. "In ka ja shi har nan, kowa ya shigo sai ya yi tambaya. Yi masa fari fat, sama da ƙasa."

"Zai ci shafi uku, yallaɓai."

"Ya ci huɗu ma. Na bara ai tsautsayi ne, ba a taɓa yin irinsa ba."

Kowace shekara haka ake cewa, Dogo ya sani, don shi ma ya sha faɗa. Ya yi shafi uku, ya bar kowane ya bushe da kyau. An riga an sa wa tagar sababbin ƙarafa masu kauri, irin waɗanda guduma ba za ta ce musu komai ba, ya shafa musu baƙi mai sheƙi. Ɗakin ya fito kamar ɓararren ƙwai. Ya tsaya a ƙofa yana kallon aikinsa, ransa fes.

'Ya'yan Dogo huɗu ne, duk mata, duk suna gidajensu, amma Auta ce 'yar lelensa, don ita kaɗai ta gado tsayinsa da shirunsa. Mijinta bakanike ne, baƙo a garin, yaro mai zuciyar nema da ɗan girman kai daidai gwargwado. Shekara biyu suna raɓe a gidan yayansa. Da Auta ta haihu, ya rantse sai ya samo nasu wurin. Bai shawarci kowa ba, don yana so ya ba surukinsa mamaki, kuma ya ba shi.

Ranar da ya zo ya tafi da shi ganin wuri, Bakanike yana gaba yana ta bayani baki har kunne, wai kusa da garejinsa ne, wai ga famfo a tsakar gida. Suka bar titi suka gangara. Suka wuce gidan Mai Gidaje na farko, suka wuce na biyu. Tun daga na huɗu Dogo ya fara rage sauri. Da yaron ya tura ƙofar gidan ƙarshe, ya nufi ƙurya, ya sauka matakala biyu, sai Dogo ya tabbata ɗakin nan ne da ya yi wa shafi uku.

Auta tana zaune a kan katifa a ƙasa, don ba su yi gado ba tukuna. Jaririyar tana kwance a gefenta, a gindin farin bangon nan.

"Baba, ka ga haske?" in ji ta. "Ina shigowa na ce wannan hannun Baba ne, tun kafin a gaya mini."

Ya amsa gaisuwa, ya ɗauki jikarsa ya mayar, bai san me ya faɗa ba. Da za su fito ya ja Bakanike gefe.

"Ɗakin nan ruwa yana shigarsa."

"An gaya mini, Baba. Na bara ne. Mai gidan ya ce an yashe kwalbatin."

"Ba na bara kaɗai ba."

Bakanike ya yi murmushin ladabi, irin wanda yara ke yi wa manya idan sun riga sun gama yanke shawara. "Baba, da kaina na duba bangon, har da fitilar waya. Ɗakin da ruwa ya saba shiga ai yana nunawa. Wannan ko ɗigo babu. Kuma kai ka yi shi. Da akwai matsala ai ba za ka rufe ba."

Abin da ya rage Dogo ya faɗa shi ne: ni na rufe, da sanina, kuma ba yau na fara ba. A gaban mijin 'yarsa. Ya kasa, sai ya kama wata hanya. "Ku dawo gidana har damina ta wuce. Akwai ɗaki."

Nan ya ɓata komai. Fuskar yaron ta canza. "Mun gode, Baba. Amma na gaji da zama a ƙarƙashin wani."

Daga ranar tsoro ya tare a cikin Dogo. Yana cikin shafa bangon wani sai ya ga ƙofar nan a idonsa, ruwa ya danne ta. Sai ya hau lissafi: matakala biyu, katifa a ƙasa, Bakanike yana gareji tun safe har magariba, Auta ita kaɗai da jaririya, ga ƙarafan da shi da kansa ya shafa musu baƙi. Duk ran da gajimare ya gitta sai ya ajiye buroshi ya fita yana kallon gabas. Zafi kuma yana ta ƙaruwa, irin mai nauyin nan da ke zuwa gab da faɗuwar damina.

"Malam, me ke cinka?" matarsa ta tambaye shi wata rana da hantsi, ganin ya tura kwano gefe karo na uku.

Ya gaya mata duka. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta a hankali.

"Kai ka shafa?"

"Ni."

"To kai za ka je ka faɗa, yadda za su ji."

"In na faɗa, na tona wa Mai Gidaje asiri, na tona wa kaina. Babu mai ƙara kirana aiki a gangare. Kuma da wane ido zan kalli yarinyar nan?"

"Da idon da kake kallona yanzu," in ji ta. "Ni dai ba zan binne jika saboda kunyarka ba."

Duk da haka sai da ya ƙara kwana huɗu. Mutumin da ba ya tsoron bango komai lalacewarsa, ga shi yana kewaye-kewaye kada ya haɗu da 'yar cikinsa. Abin haushi ne, amma haka aka yi.

A kwana na huɗun yana shafa barandar makarantar firamare ta gangare, sai aka yi taro a ajin da ke kusa da shi. Wata mata ce ta zo daga ofishin da ke auna ruwan sama, kowa yana ce mata Malama. Mutane sun cika ajin don sun ɗauka rabo za a yi. Da suka ga manyan takardu ta warware, masu zane yana hawa yana sauka, rabinsu suka tuna suna da uzuri. Dogo yana jin ta ta taga, tana ta sauyin yanayi, tana ta milimita, tana ta kashi kaza cikin ɗari. Wani direba a benci na baya har ya fara minshari.

"Malama, ruwa ai na Allah ne," in ji wani tsoho mai gadi.

"Na Allah ne, Baba. Shi ya sa muke auna shi, mu ga abin da ya aiko." Ta dubi sauran. "To bari in tambaya. Shekara goma da suka wuce, a ina ruwa yake tsayawa a ɗakunanku? Wa zai tuna?"

Aka kalli juna. Wannan ya ce shi bara waccan ya tare, wancan ya ce shi watansa takwas. A duk ajin babu wanda ya kai shekara huɗu a unguwar. Waɗanda suka ga ruwa sun tashi, waɗanda suka zo sun tarar da sabon fenti. Dogo ya tsaya da rolar shafa bango a hannu, fenti yana ɗiga a kan ƙafarsa bai ji ba.

Da aka watse, Malama ta fito ta zauna a bakin baranda, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa, takardunta a naɗe a cinya. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san ba yau ta fara yin magana ga bayan mutane ba.

"Malama," in ji Dogo, "wannan zanen naki mai hawa, me yake cewa? A maganar mutane."

Ta ɗago ta dube shi, abin da ita ma ya ɗauke ta ɗan lokaci, sannan ta dubi abin da ke hannunsa. "Baba, rola ƙarama da babba, wacce ta fi shan fenti?"

"Babba."

"In ka matse ta fa?"

"Ta fi zubarwa."

"To iska ita ce rolar. Duniya tana ƙara zafi, saboda hayaƙin da injina da motoci da masana'antu suke turawa sama shekara da shekaru. Iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa. Sai ta yi ta sha, ta yi ta sha, ranar da za ta matse kuma, ruwan da a da yake sauka cikin kwanaki ya sauko a awa biyu. Ga shi an shafe tudu da siminti, babu inda zai nutse, sai ya gangaro muku nan. Kwalbatinku kuwa don ruwan wancan zamani aka yi shi."

"Ko an yashe shi?"

"Yashewa tana taimakawa, amma ba ta ƙara masa faɗi."

"Ke nan na bara ba tsautsayi ba ne."

"Takarduna sun ce ba shi ba ne. Amma ka ga yadda aka yi da takarduna. Da zan sami mutum ɗaya da ya daɗe a nan, wanda ya gani da idonsa."

Dogo ya ajiye rola a cikin bokiti. Ya miƙe sosai a gabanta, ya sunkuya ya taɓa idon sawunsa. "Shekarar da na fara aiki." Ya taɓa ƙwauri. "Shekarar aurena." Ya taɓa gwiwa, ya taɓa cinya, ya ce nan aka haifi Auta, ya taɓa ƙugu. Sannan ya ɗora tafin hannu a ƙirji. "Bara."

Malama ta miƙe da takalmi ɗaya. Ta warware takardarta ta dubi zanen, ta dube shi, ta sake duban zanen. "A ina ka rubuta wannan?"

"Ban rubuta ba. Rufewa nake yi." Ya dubi gabas. "Bana fa?"

"Babu wanda zai ce maka ga rana. Amma hasashen da muke da shi ya ce damina ce mai ƙarfi. Wa kake da shi a can?"

"'Yata. Da jaririya, ko wata biyu ba ta cika ba."

Ta naɗe takardarta kawai. Da ta yi masa dogon bayani ma da ya fi masa sauƙi.

Washegari gari ya waye da zafi kamar an rufe shi da murfi, ko ganye ba ya motsi. Kafin azahar hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin daga ƙasa. Dogo bai ɗauki bokiti ba, bai ɗauki buroshi ba, wuƙar kankara kawai ya sa a aljihu. Ya kira Bakanike a waya ya ce ya same shi a ɗaki yanzu, da muryar da ba a yi mata gardama. Malama tana jiransa a ƙofar gidan, kamar yadda suka yi alkawari jiya.

"Auta, ɗauke yarinyar daga gindin bangon nan."

"Lafiya, Baba?"

"Ɗauke ta."

Ya sa wuƙa a bango daidai tsayin ƙirjinsa ya fara. Fentin ya ƙi tashi, don shafi uku ne na hannun gwani, har ya ji yana tsine wa ƙwarewarsa a zuci. Ya danna da ƙarfi, farin ya fara zubowa a kan katifa. Ƙarar kankarar ta jawo maƙwabta, suka taru a bakin ƙofa suna leƙe ta kafaɗar Bakanike, wanda ya iso da baƙin mai a hannu, yana shirin tambayar dalilin da za a ɓata masa ɗaki. Sai ga layin ya fito, ruwan ƙasa, miƙe, kamar jiya aka ja shi.

"Wannan na bara ne," in ji Dogo, bai juyo ba.

Ya yi ƙasa da wuƙar, yana buɗe wuri mai faɗin tafin hannu. A saman ƙugunsa ga bakin shuɗin wando. Ya ƙara nutsa wuƙar a hankali, ya ɗaga shuɗin, ga bakin kore a cinyarsa. A ƙarƙashin koren ga ja a gwiwa. Ya durƙusa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya tono wani tsohon ruwan toka a ƙwauri, da wani can ƙasa wanda kalarsa ma ta mutu. Kowane ya fito sai ya faɗi shekararsa, da sunan sana'ar wanda ke ɗakin a lokacin: wani tela, wani mai gyaran rediyo, wasu ma'aurata da suka yi wata biyar kacal.

Malama ba ta warware takarda ba. Ta nuna bangon kawai ta ce wa mutanen ƙofa, "Abin da nake ta gaya muku jiya ke nan."

"Ashe hawa yake yi," in ji tsohon mai gadin nan, wanda a gidan yake haya.

Bakanike ya sauko matakalar, ya je ya tsaya a jikin bangon. Layin bara yana daidai haɓarsa. Ya dubi katifa, ya dubi ƙofa. Ya je taga ya kama ƙarfe ɗaya ya jijjiga da hannun da ya saba kwance kusoshin mota, ƙarfen ko gezau. Ya fita da sauri neman motar kaya, a ƙofa har ya kusa bangaje Mai Gidaje, wanda wani ya riga ya buga wa waya.

"Dogo! Me kake yi wa bangona?"

"Aikina nake dubawa, yallaɓai."

Mai Gidaje ya ga bangon, ya ga idanun 'yan hayarsa a kansa, fara'ar nan tasa ta gudu. "Shekara talatin muna tare. Ka ci amanata."

"Na ci ta mutane da yawa kafin taka."

"Kada in ƙara ganin buroshinka a gidajena." Ya juya, ya ɗan dubi sama, ya ƙara sauri zuwa motarsa.

Wannan bai yi wa Dogo zafin da ya zata ba. Mai zafin tana bayansa, tana goya jaririya.

"Baba," in ji Auta a hankali, "waɗanda suka zauna a nan kafin mu, suna da yara?"

"Biyu."

"Lokacin da kake shafawa, ka san wasu za su shigo?"

"Na sani."

Ta ɗaure goyonta da kyau, ta ɗauki jakar kayan jaririya, ta wuce ta gefensa ba ta dube shi ba. Shirun nan da ta gada a wurinsa, yau shi ta yi wa. Aka loda katifa da tukwane a gurguje, iska ta fara tashi tana kaɗa labulaye. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon motar tana hawa tudu, ta nufi gidansa, har ta sha kwana. Sun fita.

"Baba mai fenti."

Matar ɗaki na biyu ce, mai kitso, wadda ta tare wata uku da suka wuce. Tana tsaye a ƙofarta da mataji a hannu.

"Nawa ɗakin ma kai ka yi?"

"Ni na yi."

"To zo ka kankare mini in gani."

Ya shiga. Ɗakinta ba shi da matakala, ya fi na ƙurya tudu, don haka layin a cibiyarsa ya fito, a ƙarƙashin shuɗin fenti. 'Yarta, 'yar shekara huɗu, ta ga manya suna ta tsayawa a jikin bango, ta ɗauka awon tsayi ake yi. Ta rugo ta jingina bayanta, ta haɗe dugadugai, ta miƙe wuya iya ƙarfinta tana dariya, tana jira a ce ta girma. Layin yana sama da kanta da taki guda.

Uwar ta saki mataji. "To mu ina za mu je? Mu ba mu da kowa a tudu."

Dogo ya juya. Ta ƙofa yana hango sauran, kowa ya koma bakin ɗakinsa yana kallon bangonsa, ƙofa goma, duk aikin hannunsa. Malama tana tsakar gida da waya a kunne, tana neman wanda zai buɗe musu babbar makarantar da ke kan tudu su fake a ciki, ana ta ce mata ta jira. Iskar ta tsaya cak. Gari ya yi duhu da rana tsaka, aka yi wata tsawa mai tsawo da ta girgiza kwanon rufi, sannan ɗigo na farko ya faɗo a kansa, mai nauyi kamar an jefa tsakuwa. Na biyu ya biyo, sai na uku.

Tsakar gida a bushe take tukuna. Dogo ya jefar da wuƙar, ya sunkuya ya ɗauki yarinyar ya ɗora ta a wuyansa, ta riƙe kansa da hannu biyu, dariyarta ta ɗauke.

"Ku fito!" ya ce, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. "Ku bar kayan, ku ɗauki yara ku fito yanzu!"

Ya nufi waje da ita, yana sunkuyawa kada kanta ya bugi saman ƙofa.